Tattalin Ruwa a Gida Lokacin Sallah

Masu karatu sun sani ranar Sallah ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kowace shekara takan matso da kwana 10 ko 11. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah ran 30 ga Maris, Babbar Sallah kuwa ran 6 ga Yuni, watau ɗaya a farkon bazara, ɗaya a ƙarshenta. Daga nan Babbar Sallah, wadda ta fi cin ruwa, za ta yi shekaru tana faɗowa cikin Mayu da Afrilu, sa'ad da rijiyoyi ke ja da baya ƙwarai. Masu Kirsimeti da sauƙi, gama a Disamba ƙasa tana da sauran danshi, amma maganar nan ta shafe su su ma.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Goronyo da tattalin ruwa, ga dam a ƙofar gida? Gaskiya ne, madatsar da aka gama kan Gulbin Rima a 1984 an gina ta don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Amma a farkon 2018 ruwan ya janye har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, hankalin birnin Sakkwato ma ya tashi. Ban da haka, ruwan dam ba ruwan randa ba ne. Akwai ƙauyuka a ƙasar Wurno da Rabah da ke nesa da gulbi, rijiya ce kaɗai madogararsu.

Rijiya kuwa tana da halinta. Ruwa yakan tsattsafo cikinta a hankali daga rairayin ƙasa, ya taru da dare. Idan gari duka ya taso mata da guga a jajibirin Sallah, kafin hantsi sai laka. Ba ƙafewa ta yi ba, an fi ƙarfin tsattsafarta ne. Rijiyar fadama kuma, in masu albasa da tafarnuwa suna jan ruwa da inji kusa da ita, ta fi saurin sauka. Saboda haka a fara tari tun saura kwana biyar ko shida, kowace asuba a ƙara tulu biyu ko jarka ɗaya bisa abin da aka saba ɗebowa. Mai saye wurin 'yan ga-ruwa shi ma ya riga tsada, don kowa ya san yadda kuɗin jarka ke hawa ranar yanka.

Nawa za a tara? Masana lafiya suna cewa mutum ɗaya yana bukatar kamar lita 20 a yini domin sha da girki da tsabta. Gida mai mutum goma ke nan durom ɗaya mai lita 200. In baƙi biyar sun sauka, an ƙara rabin durom, ba a ko zo kan rago ba tukuna. Maigida ya zauna da uwargida su yi wannan lissafi tun da wuri. Sau da yawa maza kan shirya kuɗin rago da na ɗinki, su manta da ruwa, sai ranar Sallah a ga yara mata a bakin rijiya da sabbin tufafi.

Ruwan da aka tara a wanke mazubinsa, a rufe shi ruf. Buɗaɗɗen ruwa cikin mako guda sauro ya hayayyafa a ciki. Randar sha a ware ta dabam, da moɗarta guda mai mariƙi. In ruwan ya zo da laka, a sa ɗan alif ko dakakken ƙwayar zogale ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, sa'an nan a tafasa na sha. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Inda ruwa ya fi salwanta shi ne wajen gyaran kayan ciki. Mun sha ganin ana kwarara bokiti bayan bokiti kan tumbi tun yana cike. A fara zazzage shi busasshe cikin rami, a tatse hanji da hannu, a rufe ramin da ƙasa. Wannan taki ne mai kyau. Bayan haka a jera daro uku: na fari don cuɗawa, na biyu don ɗauraya, na uku mai tsabta don gamawa. In na fari ya ɓaci a zubar, na biyu ya koma gurbinsa. Tukwane masu maiƙo kuma a shafe su da toka kafin ruwa ya taɓa su.

Sauran dabarun mata sun riga mu sani. Ruwan wankin shinkafa na awaki ne. Alwala a yi ta bisa daro, a kai wa zogale ko dogon yaro. Ruwan ɗaurayar tufafi ya isa yayyafin tsakar gida, amma mai sabulu da yawa kada a ba dabba ko shuka ƙarama. Mai famfo ya tara kwano ƙarƙashinsa dare ɗaya. Abin da zai tarar da safe zai sa ya nemo mai gyara.

Wuri biyu ne ba a yin rowar ruwa: sha da wankin hannu. Cikin zafin Afrilu yara da tsofaffi suna saurin galabaita. Taron jama'a suna tsoma hannu cikin kwano ɗaya kuwa hanyar amai da gudawa ce. A ajiye buta da sabulu a zaure, yaro ya riƙa zuba wa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Buta guda tana isar mutum biyar ko fiye, in mai zubawa ba ya gaggawa.