Shirya Ɗaliban Manyan Makarantu Domin Koya wa Yaran Firamare Karatu

Tun daga watan Satumba na 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, yawan yaran da ke shiga makaranta ya ƙaru ƙwarai. Shirin UBE na 1999 kuma ya ɗora a kan wannan tushe. Amma fa ba kowane yaro da ke zaune a aji ne ya iya karatu ba. A 2022 Bankin Duniya ya kiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane ma'anarsa. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, to lissafi da kimiyya da tarihi duk za su gagare shi, domin dukkansu a rubuce suke. Sau da yawa irin wannan yaro ne yakan gaji, ya bar makaranta.

Dalilin Neman Taimakon Ɗalibai

A ɗauki misalin aji guda a unguwar Demsawo cikin Jimeta, Jihar Adamawa. Wani yaro Fulatanci ake yi a gidansu, wani Hausa, wani Bacama, wani Kilba ko Margi. Idan yaran suna da yawa, malami ɗaya ba shi da halin zama da kowannensu ya ji inda karatunsa ya tsaya. Ga shi kuwa a Yola da Jimeta akwai manyan makarantu cike da samari da 'yan mata masu ilmi: Kwalejin Ilmi ta Tarayya wadda aka kafa a 1974, da Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A makarantar allo gardi ne yake biya wa kolo karatu, malam yana sa ido. Haka kuma a zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, mutane da yawa a Arewa sun koyi karatun boko a hannun waɗanda suka riga su iyawa.

Abin da Aka Gwada a Yola

Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2005. A zamanin shugabancin Dokta Margee Ensign, daga 2010 zuwa 2017, jami'ar ta sa aikin taimakon al'umma cikin darussan da ɗalibai ke ɗauka. A ƙarƙashin wani shiri mai suna STELLAR, ɗalibai sun riƙa zuwa makarantun firamare na gwamnati bayan an tashi, suna koya wa yara karatu. Da aka ga ƙarancin littattafan da suka dace da ƙananan yara, sai aka shiga rubuta gajerun labarai da Hausa da Fulatanci da Turanci.

Bayan da 'yan Boko Haram suka kama Mubi a watan Oktoba na 2014, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, yaransu kuwa ba makaranta. Daga 2015 zuwa 2016 jami'ar ta gudanar da shirin TELA da taimakon hukumar USAID ta Amurka, inda aka koya wa yara kimanin 22,000 karatu da lissafi ta hanyar rediyo, tare da masu sa kai da aka horar suna zaune da yaran.

Abubuwan da Ya Kamata a Koya wa Ɗalibi

Ɗalibin kwaleji ya iya karatu, amma ya daɗe da mance yadda ya koya. In an tura shi ba horo, sai ya riƙa karantawa yara suna maimaitawa har su haddace shafin, alhali in an nuna musu kalma ɗaya daga ciki ba za su gane ta ba. Saboda haka lalle ne a shirya shi a kan abubuwa biyar.

Na farko, gwajin yaro. Kafin a fara koyarwa, sai ɗalibi ya zauna da kowane yaro shi kaɗai, ya nuna masa haruffa, sa'an nan gaɓoɓi, sa'an nan kalmomi, sa'an nan ɗan labari. Inda yaron ya cije, nan za a fara da shi, ko da kuwa ɗan aji biyar ne. Sai a haɗa waɗanda matsayinsu ya zo ɗaya, kamar yara biyar ko shida a rukuni.

Na biyu, sautin haruffa. Yara da yawa sun haddace sunayen haruffa da Turanci, inda ake kiran wasalin "a" da "ei", ake kiran "i" da "ai". Wannan yakan rikita su in sun zo karanta Hausa. Abin da ake bukata shi ne sauti: "b" da "a" su ba da "ba", "ba" da "ki" su ba da "baki". Wasulan Hausa biyar ne, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Tilas ɗalibi ya kula da haruffa masu lanƙwasa, domin "baki" ba "baƙi" ba ne, "kafa" kuma ba "ƙafa" ba ce. Wannan hawa mataki-mataki ya yi kama da yadda ake fara babbaƙu kafin farfaru a makarantar allo.

Na uku, harshen da yaro ke ji. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a wurin. Dalili kuwa shi ne yaro ba zai ɗauki kaya biyu a lokaci guda ba, watau koyon haɗa haruffa da koyon baƙon harshe. In ya gane yadda haruffa ke haɗuwa a harshen da ya sani, zai yi amfani da wannan sani wajen karanta Turanci.

Na huɗu, tsarin zama. Minti arba'in zuwa sa'a ɗaya ya isa. A fara da bitar darasin da ya wuce, a kawo sabon sauti ɗaya ko biyu, a haɗa kalmomi, a rubuta su, sa'an nan kowane yaro ya karanta da bakinsa. Daga ƙarshe a tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa, don a tabbata ya gane.

Na biyar, haƙuri da ladabi. Ba a duka, ba a tsawa, ba a yi wa yaro dariya in ya yi kuskure. A ba shi lokaci ya sake gwadawa kafin a faɗa masa amsa. A yi zaman a fili cikin harabar makaranta, inda malamai ke gani, kada ɗalibi ya keɓe da yaro ko yarinya.

Aikin Hukumomi da Iyaye

Horon yini ɗaya ba ya wadatarwa. Wajibi ne malamin kwaleji ya riƙa zuwa yana duba ɗalibansa, su kuma su riƙa rubuta abin da kowane yaro ya koya, a sake gwajin a ƙarshen zango. Ga masu neman takardar shaidar malanta ta NCE, wannan zama share fage ne kafin su fita gwajin koyarwa. Shi kuma hedimasta, shi ne zai zaɓi yaran da suka fi bukata, ya ba da ɗaki, ya tsayar da lokacin da bai ci karo da makarantar Islamiyya ba. A sani cewa ɗalibin ya zo taimakon malamin aji ne, bai zo maye gurbinsa ba.

Ana roƙon iyaye su bar yara su halarci wannan zama, kada a tura su talla ko aike a lokacinsa. Uba ko uwar da ba su yi boko ba ma suna iya taimakawa: su sa yaro ya karanta musu abin da ya koya na minti goma kowace rana, su saurare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk unguwar da ke da kwaleji kusa, masu unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai suna iya zuwa wurin hukumar kwalejin su nemi a shirya musu irin wannan taimako.