TALLA TA WAYAR HANNU: YADDA ƘUNGIYA ZA TA NEMO MASU SAYE

'Yan'uwa manoma, kowace kaka labarin ɗaya ne a nan ƙasar Kunci. An sha wahalar damina, amfani ya zo gida, bashin taki yana jira, kuɗin makarantar yara yana jira. Sai a ɗora buhu a amalanke a kai kasuwa. Can kuwa kowa ya kawo irin abin da ka kawo. Mai saye ya yanka kuɗinsa, kai ba ka da ta cewa, domin ba ka san wani mai saye ba sai shi. Buhun nan zai bi mota zuwa Dawanau, daga can ya wuce Kaduna ko Abuja ko Legas. Kafin ya shiga tukunya ya canja hannu sau uku ko huɗu, kowane hannu da ribarsa.

Ba laifin dillali ba ne. Shi ma aiki yake yi, yana zuba kuɗinsa, yana ɗaukar asara. Amma mai kayan da ya san masu saye biyar ya fi wanda ya san ɗaya ƙarfin ciniki. Wayar da ke aljihun 'ya'yanmu tana iya taimakonmu mu san waɗannan biyar ɗin.

Mene ne talla ta waya?

Kowa ya san yarinya mai talla. Takan ɗauki faranti ta zaga unguwa tana kira, wanda ya ji ya fito ya duba ya saya. Talla ta waya ita ce wannan, sai dai farantin hoto ne, unguwar kuwa ta kai har inda duk akwai mutumin da ke da lambarka.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001. An buɗe Facebook a 2004, WhatsApp kuma a 2009, yanzu dukansu biyu na kamfani ɗaya ne mai suna Meta. A 2018 aka fito da WhatsApp Business domin ƙananan 'yan kasuwa. Kyauta ake sauke shi. A cikinsa ana iya rubuta sunan ƙungiya da garinta, a jera hotunan kaya kowanne da kuɗinsa, kamar yadda mai tireda yake jera nasa.

Ga ƙungiya irin tamu, WhatsApp ya fi dacewa a fara da shi, saboda dalilai uku. Na fari, da lambar waya yake aiki, watau da mutanen da kuka riga kuka sani. Na biyu, yana da saƙon murya, wanda bai iya karatu ba zai iya magana a ji shi. Na uku, hoto da murya ba su cin data da yawa kamar bidiyo. Facebook da TikTok suna kai talla ga baƙi masu yawa, amma baƙon da bai san ka ba yakan daɗe bai yarda ya aiko da kuɗinsa ba. A bar su sai ƙafa ta yi ƙarfi.

Me za mu tallata?

Kayan da ba su saurin lalacewa su ne na farko: wake, gyaɗa, riɗi, gero, dawa, zoɓorodo da busasshen barkono. Sai kuma aikin hannun mata: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji. Tumatir ɗanye da sauran kayan lambu suna da wuya, domin in mota ta kwana a hanya an yi asara.

Ku lura da wake musamman. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda an sami maganin ƙwari ya yi yawa a cikinsa. Mutanen birni ma sun ji labarin ana zuba wa wake guba don kada ya huje, suna kuwa jin tsoro. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana da leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ƙungiyar da ta adana wakenta haka tana da abin faɗa wanda mai saye yake so ya ji. Amma fa sai in gaskiya ne.

Matakai shida

1. A tara kaya wuri ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai shago a Kano ba zai aiko mota saboda buhu biyu ba, amma zai saurare ku a kan buhu 20. A tsince tsakuwa, a sheƙe, a ware fari daban ja daban. A auna da kwano ɗaya, in da hali a kan sikeli. Magatakarda ya rubuta abin da kowa ya kawo.

2. A zaɓi mai riƙe da waya. Ya zama mai haƙuri, mai amsa saƙo da wuri, wanda yake zaune a gari ba mai tafiya ci-rani ba. Layin ya zama na aikin ƙungiya kaɗai. Tun da yake kowane layi ana haɗa shi da lambar NIN ta mutum ɗaya, a rubuta a littafin taro wanda aka yi rajista da sunansa, da sharaɗin cewa in ya sauka ba zai tafi da masu sayen ƙungiya ba. A yanka masa la'ada, domin aiki ne.

3. A tattara lambobi. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo lambar mutum biyar da ya sani a birni: ɗan'uwa ma'aikaci, 'yar'uwa da ke aure a Zariya, mai sayar da abinci, mai shagon hatsi, mai kula da abincin makarantar kwana. Mutum 20 sun kawo lamba 100 ke nan. A fara gaishe su, a faɗi wanda ya ba da lambar, a roƙe su su ajiye taku. Wannan yana da muhimmanci, domin saƙon bai ɗaya da WhatsApp yake aikawa ga mutane da yawa ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikowa.

4. A ɗauki hoto na gaskiya. A ɗauka da safe ko da la'asar a inuwa mai haske, a kan tabarma mai tsabta. Hoto ɗaya na buhunan duka, ɗaya na ƙwayar a tafin hannu. A ɗebo daga tsakiyar buhu, ba daga sama ba. Gani ya kori ji. Kada a ari hoton wani, kada a ƙara masa haske ya fi kayan kyau.

5. A faɗi abu biyar a kowace talla: irin kayan, yawansu, ma'auni, kuɗi, da inda suke. Ga misali: "Farin wake na bana, buhu 20, kowane buhu kwano 40, babu magani a ciki. Yana Kunci, muna iya kaiwa tashar Bichi. Wannan kuɗi na wannan mako ne." Kada a ce sai an kira a ji kuɗi, da yawa ba za su kira ba. Sau biyu a mako ya isa. Mai talla da ke buga ƙofa kowace sa'a, rufe masa ake yi.

6. A daidaita maganar mota kafin a sallama. Wa zai biya kuɗin mota? Wa zai biya 'yan dako? In buhu ya ɓace a hanya, asarar wa? A yi amfani da direban da aka sani a tasha, a ɗauki hoton kayan a cikin mota, a aika wa mai saye lambar motar da ta direba.

Ku yi lissafi tukuna

Kuɗin da aka ji a birni ba duka ne riba ba. Waɗannan lambobi misali ne kawai, ku sa na kasuwarku a madadinsu. A ce buhun wake naira 80,000 ne a gida, mai saye a Kaduna ya yarda da 92,000. Bambanci 12,000. A cire kuɗin mota 4,000, lodi da saukewa 1,000, sabon buhu da tsinta 1,500, data da la'adar mai waya 500. An kashe 7,000, saura 5,000. A kan buhu 20, ƙungiya ta ƙaru da naira 100,000. Amma in buhu biyu ne aka ɗauki mota dominsu, kuɗin mota zai cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. In lissafi bai fita ba, a sayar a Dambatta ko Bichi, babu abin kunya.

Hattara da 'yan damfara

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da yawa sun saba da tura kuɗi ta waya. Ɓarayi ma sun saba. Na taɓa zama da wata ƙungiyar mata da suka aika jarka shida na man gyaɗa ga wani wanda ya turo musu hoton rasit. Motar ta tashi, aka je wurin mai POS, ba ko kwabo. Layinsa kuwa a kashe. Aikin wata guda ya tafi. Saboda haka ku riƙe waɗannan:

Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Kada kaya su bar gari sai ma'aji ya duba asusu ya ga kuɗin da idonsa.

Kuɗi su shiga asusun ƙungiya, ba na mai waya ba. Mai talla daban, mai karɓar kuɗi daban. Wannan yana kare ƙungiya, yana kuma kare sunan mai wayar daga zargi.

Sabon mai saye ya biya duka, ko ya ba da kafin alƙalami mai kauri, sauran ya biya a tasha a gaban wakilinku.

In wani ya kira ya ce ku karanta masa lambobi shida da suka shigo wayarku, kada ku ba shi ko da ya ambaci sunan shugabanku. Da su ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum a riƙa roƙon kuɗi da sunansa. Akwai wurin sa lambar sirri ta biyu a ciki, ku sa ta tun ranar farko.

Har wa yau, kada ku dogara ga waya kaɗai. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke a duniya duka wajen sa'a shida. A shekarar nan kuma an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta. A rubuta sunan kowane mai saye da lambarsa da abin da ya saya a littafin ƙungiya.

In kuwa sana'a ta bunƙasa har kuna so ku zuba mai ko yaji a roba mai tambari ku kai manyan shaguna, za a nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC. Ku nemi bayani kafin ku buga tambarin.

Abin da ke riƙe mai saye

Waya tana iya kawo muku mai saye sau ɗaya. Abin da zai dawo da shi na biyu shi ne ya buɗe buhu ya ga abin da ya gani a hoto, ya auna ya sami kwanonsa cif. Mutum ɗaya ya yi algus, sunan ƙungiya duka ya ɓaci, labarin kuma zai bi wayar nan ya zaga da sauri fiye da tallar. Bayan kaya sun isa, ku kira ku tambaya ko an ji daɗinsu. In an sami kuskure, ku amsa ku gyara. Wanda ya gamsu ku roƙe shi ya gaya wa maƙwabcinsa.

Ku fara da kaɗan. Bana ku gwada da buhu goma da mutanen da kuka sani, ku rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, ku karanta a taro.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wane kaya ɗaya ne za mu iya tarawa da yawa bana?
2. Su wa muka sani a birni da suke sayen irinsa kowane wata?
3. Wa zai riƙe waya, wa zai duba asusu?
4. Me za mu yi wa ɗan ƙungiyar da ya kawo kaya marasa kyau?

Duk ƙungiyar da ta gwada, ta aiko mana da labarin yadda ta kaya, mai daɗi ko marar daɗi, domin saura su ƙaru. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.