Sikila da Sukarin Yara: Gado Biyu, Hanya Biyu

A Magarya da Dungas, inda auren zumunci ba baƙon abu ba ne, yaro bai daɗewa kwance sai an fara tonon asali: ta ɗakin uwa ciwon ya biyo, ko ta gidan uba? Sikila, wadda wasu ke kira emasi, ta saba da wannan tambaya. Yanzu ana yi wa ciwon sukari mai kama yara ita, kuma a ganina a nan ake zaluntar iyaye, musamman mata.

Gadon sikila lissafi ne tsaf. Ƙwayar halitta ɗaya ce ke da alhaki. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kuma gwajin jini ɗaya ya isa a sani tun kafin a kai sadaki. Shi ya sa a 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar tilasta gwaji kafin aure. Hanya ce mai ɗaci, ta raba masoya, amma hanya ce.

Sukarin yara ba ya bin wannan ƙa'ida. Abin da yaro ke gada ba ciwon ba ne, yiwuwar kamuwa ce kawai. Kusan rabin wannan gado yana cikin rukunin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, waɗanda aikinsu shi ne nuna wa sojojin garkuwar jiki wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. Tun a 1973 da 1974 masu bincike a Kanada da Denmak suka gano alaƙar. Masu ɗauke da nau'in DR3 ko DR4, balle wanda ya haɗa biyun, garkuwarsu ta fi saurin yin kuskure ta far wa ƙwayoyin da ke yin insulin a wata 'yar gaɓa da ke kwance bayan tumbi, har ta ƙarar da su. Ba shan zaƙi ya jawo ba, ba kuma sakacin uwa ba.

Sai dai mutane barkatai na yawo da DR3 da DR4 lafiya lau har tsufa. Kusan 9 cikin 10 na yaran da ke kamuwa ba su da uwa, uba ko ɗan'uwa mai ciwon. Ƙanen mai ciwo na da haɗarin kusan kashi 6 cikin 100, kuma, ga masu saurin nuna uwa da yatsa, ɗan uba mai wannan ciwo ya fi ɗan uwa mai shi shiga haɗari. Ko tagwaye masu kama ɗaya, Hasan kan kamu, Husaini ya yi shekaru bai kamu ba, wani lokaci har abada. Yawancin alƙaluman nan a jikin Turawa aka samo su, amma sun isa su nuna cewa ba wani gwajin kafin aure da zai tare wannan ciwo.

Abin mamaki, ƙwayar sikila da rukunin HLA duk sun taɓa yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS na da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, a 1991 kuma aka ga irin haka ga wani nau'in HLA a yaran Gambiya.

Inda suka fi rabuwa shi ne a bakin likita. An san mai sikila da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, kowace kaka ta gane shi. Mai sukari kuwa ɓad-da-kama yake yi. Yarinya 'yar shekara bakwai da ta daina fitsarin kwance ta koma yi, ba ta rabuwa da moɗa, tana ci tana ramewa, kiyashi na taruwa inda ta tsuguna. A yankin da sashen yara na asibitin Magarya, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa wa a 2005, kan cika maƙil da masu tamowa da zazzaɓi kowace damina, wa zai fara tunanin sukari? In ta kai ga amai da dogon numfashi, sai a ce ciwon haƙarƙari ne ko iska. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ke warware zancen cikin minti guda.

Bayan haka sai allurar insulin kullum, har ƙarshen rai, kamar yadda aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, a Toronto cikin Janairun 1922. Ganye ko rubutu ba sa maye gurbinta. A ƙauyen da ba lantarki, ana sa kwalbar insulin cikin tukunyar ƙasa, a zaunar da ita a jiƙaƙƙen rairayi a inuwa. Binciken da MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021 ya nuna kwalbar da aka buɗe na riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-kawo tsakanin digiri 25 da 37, amma bazarar Damagaram kan haura 40.