Kwana Biyar A Arewacin Sikotland: Ga Ƙasa, Ina Mutanenta?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa ganin hoton duwatsu da tafkunan Sikotland, watau arewacin tsibirin Birtaniya, zai ce babu inda ya fi can daɗin zama. Mu ma haka muka zata, sai da muka kwana biyar muna zagaya ƙasar a mota. Kyau kam akwai shi. Amma abin da ya yi ta damunmu a hanya shi ne, ina mutanen?

Mun tashi daga birnin Gilasgo da sassafe muka yi arewa. A can ta hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda muke yi a Nijeriya kafin 1972. Ba mu cika awa guda ba muka iso Loch Lomond. Kalmar "loch" a harshensu tana nufin tafki, ko kuwa wani reshen teku da ya kutso cikin ƙasa. Shi wannan tsawonsa ya fi mil 20, kuma duk tsibirin babu tafkin da ya kai shi faɗi.

Daga nan hanya ta yi ta hawa, itatuwa suka ƙare, muka faɗa wani kwari mai suna Glencoe, duwatsu hagu da dama. A nan ne ranar 13 ga Fabrairu, 1692, sojojin gwamnati suka kashe kimanin mutum 30 na zuriyar MacDonald, bayan sun yi kusan mako biyu suna ci suna sha a gidajensu. Laifinsu kuwa, shugabansu ya yi jinkirin yi wa Sarki William mubaya'a. Har gobe ba a manta da wannan cin amana ba. Muka kwana a Fort William, gindin dutsen Ben Nevis, mai tsawon mita 1,345, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya.

Kashegari muka yi yamma, muka nufi bakin teku. A Glenfinnan muka tsaya, inda Yarima Charles Stuart ya kafa tutar tawaye a 1745 don neman gadon sarautar kakanninsa. Mutanen duwatsu da yawa suka bi shi, aka murƙushe su a yaƙin Culloden a 1746. Daga nan gwamnati ta karya ikon shugabannin zuriyoyi, su kuma a hankali suka rikiɗe suka zama masu gidan haya a ƙasar danginsu. Da suka lura tumaki sun fi talakawa kawo kuɗi, sai suka shiga tashin ƙauyuka. An yi wajen shekara 100 ana wannan kora. Waɗansu aka tura su bakin teku inda ƙasa ba ta da albarka, waɗansu suka gangara Gilasgo neman aikin masana'antu, waɗansu kuma aka zuba su a jirgi sai Kanada da Ostareliya.

A Mallaig muka shigar da mota jirgin fito, muka haye tsibirin Skye. Akwai gada ma ta wata hanyar, wadda aka buɗe a 1995. A nan muka ga amsar tambayarmu da idonmu: kufai bayan kufai, katangun dutse babu jinka, tumaki suna kiwo a tsakar gida. A 1841 mutanen Skye sun fi 23,000, amma a 1971 sun koma kamar 7,000. Sai dai ba kullum suka miƙa wuya ba. A 1882 manoman Braes, kusa da garin Portree, maza da mata, suka tari 'yan sanda da duwatsu da sanduna saboda rigimar makiyaya. Irin wannan turjiya ce ta sa majalisa ta yi dokar 1886, wadda ta hana a kori ƙaramin manomi daga gonarsa muddin yana biyan haya.

Rana ta uku muka sake shiga jirgi a Uig, muka yi kusan awa biyu a teku zuwa Tarbert ta yankin Harris. Hanyoyin ƙauye a nan da yawa mota ɗaya suke ci, sai an yi 'yan wuraren ratsewa. In kun haɗu da wani, wanda ya fi kusa da wurin ratsewa shi zai dakata, ku ɗaga wa juna hannu ku wuce. Har yanzu a nan ana saƙa yadin ulu da ake kira Harris Tweed, kuma dokar 1993 ta ce ba za a kira shi haka ba sai masaƙi ya saƙa shi a gidansa cikin waɗannan tsibirai.

Rana ta huɗu muka yi arewa zuwa Lewis, muka ga dogayen duwatsun Calanais da aka kakkafa wajen shekara 5,000 da suka wuce. A bakin tashar Stornoway kuma aka nuna mana inda jirgin Iolaire ya daki dutse ranar 1 ga Janairu, 1919. Mutum 201 suka halaka, yawancinsu 'yan tsibirin ne masu dawowa daga Yaƙin Duniya na Farko, ga gida suna hange. A wannan gari akwai masallaci, wanda aka buɗe a 2018. Rana ta biyar muka haye zuwa Ullapool, muka kama hanyar kudu.

Babbar hasarar da ba a gani a hoto ita ce ta harshe. A 1891 masu jin Gelik, harshen mutanen duwatsu, sun kai 250,000. A ƙidayar 2011 ba su cika 60,000 ba. Iyaye da yawa da suka koma birni sun ga Turanci ne abin neman abinci, suka daina yi wa 'ya'yansu nasu harshen. Yanzu jikoki ne suke ƙoƙarin gyara: tun 1973 akwai kwalejin Gelik a Skye, a 2003 kuma mutanen arewacin Harris suka haɗa kai suka sayi ƙasar da suke zaune a kai.

To, jama'a, su korarsu aka yi, mu kuwa da ƙafarmu muka zo Ikko da Ibadan da Fatakwal neman halaliyarmu. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yana da kyau kowannenmu ya tambayi kansa: yaushe rabona da gonar gado, kuma da wane harshe ɗana yake gaishe ni da safe? Allah ya sa mu koma mu tarar da gida a tsaye, amin.