Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Masu Gina Manhaja Ba Tare da Sun Rubuta Ta Ba

Duk wanda ya taɓa kallon fim da VLC, ko ya riƙe wayar Android, ya ci moriyar buɗaɗɗiyar manhaja, wato irin wadda aka bar asirin gininta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya raba wa wasu. Akan ɗauka aikin gwanayen kwamfuta ne su kaɗai. Gaskiyar magana aikin gayya ne, kuma a gonar gayya ba mai fartanya kaɗai ke aiki ba: akwai mai kawo ruwa, akwai makaɗi.

A fara da sunan harkar. Laƙabin da duniya ta san ta da shi a yau, "open source", wata Ba'amurkiya ce mai suna Christine Peterson ta kawo shawararsa a wani zama a Kalifoniya cikin Fabrairun 1998, kuma rubuta manhaja ba sana'arta ba ce. Ta lura tsohon sunan yana rikita baƙi, domin kalmar Ingilishin da ke cikinsa tana nufin 'yanci, tana kuma nufin kyauta, sai mutane su ɗauka maganar farashi ake yi.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya ya faru a 2014. Wata yarinya 'yar shekara huɗu ta kalli takardun bayanin Linux, ta ga an ja layi a ƙarƙashin wani kanun rubutu amma layin bai kai harafin ƙarshe ba. Ta ce wannan harafin yana baƙin ciki, saboda 'yan uwansa duk suna da abin a ƙarƙashinsu, shi ba shi da shi. Wani babba ya taimaka mata aka aika da gyaran, masu kula da aikin suka karɓa. Linux ɗin nan shi ne ginshiƙin Android da galibin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, ga shi kuma sunanta yana cikin tarihin gininsa. Ido kawai ta sa.

Tsuntsun fengwin da ke zaune a matsayin tambarin Linux kuwa, Larry Ewing ne ya zana shi a 1996 da manhajar zane ta GIMP. Linus Torvalds, wanda ya kafa Linux, ya sha ba da labarin cewa irin tsuntsun ya taɓa cizonsa a gidan namun daji a Ostiraliya.

Har ƙorafi ma gudummawa ne, in an yi shi da hujja. A 2003 wani mai zane ɗan Kanada, Steven Garrity, ya rubuta dogon suka kan yadda tamburan Mozilla, ƙungiyar da ke bayan manhajar shiga intanet ta Firefox, suke a hargitse. Maimakon a ji haushi, sai aka ce masa to bismillah, zo ka jagoranci gyaran. Daga ƙungiyar da ya haɗa ne tambarin Firefox ya fito, dabbar nan ja da ta naɗe duniya, wadda Jon Hicks ya kammala zanawa a 2004.

Magoya bayan Firefox sun yi abubuwan a zo a gani. A Disamban 2004 suka yi karo-karo suka sayi shafi biyu cur a jaridar New York Times, aka buga sunayen dubban masu ba da kuɗin a jikin tallar. A 2006 wasu ɗalibai a jihar Oregon suka shiga gona suka kwantar da hatsi har ya ba da siffar tambarin, babba ƙwarai, sai daga sama ake ganinsa sosai. A Yunin 2008 kuma aka sauke Firefox fiye da sau miliyan 8 cikin awa 24, ya shiga kundin Guinness.

Labarin Blender ya cancanci a tsaya a kansa. Manhaja ce ta yin hotuna masu motsi, kamfanin da ya mallake ta a Holan ya durƙushe a 2002, ta maƙale a hannun masu zuba jari. Wanda ya ƙirƙiro ta, Ton Roosendaal, ya roƙi jama'a su fanshe ta. Cikin mako bakwai aka tara yuro 100,000, aka sake ta ga kowa a watan Oktoban shekarar. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, a 2025, fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda da Blender aka yi shi, ya lashe lambar Oscar. Waɗanda suka ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a 2002 suna da kaso a wannan nasara.

Akwai kuma inda gayya ta yi ƙaranci. Lokacin da aka gano wata ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed a Afrilun 2014 a jikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, sai ta bayyana cewa kusan dala 2,000 kacal take samu na gudummawa a shekara. Wannan abin kunya ne ga manyan kamfanonin da suka dogara da ita.

Haka abin yake a fannin rubuta bayani: binciken da dandalin GitHub na masu gina manhaja ya yi a 2017 ya nuna kashi 93 cikin ɗari na waɗanda suka amsa suna kukan bayanan amfani da ba su cika ba ko sun tsufa, amma kashi 60 ba safai suke taɓa gyara su ba. Malamin makaranta mai iya bayani dalla-dalla yana da gurbi a nan.

Sai fassara, wadda ita ce ta fi kusa da mu. Da Ibrahima Sarr na Senegal da abokan aikinsa suka mayar da Firefox zuwa Fulatanci, sun rasa kalmar da za ta nuna manhaja ta tsaya cak. Sai suka koma ruga, suka ɗauko "hookii", wato saniya ta faɗi amma ba ta mutu ba. Wane makiyayi ne ba zai gane ba?

Mu ma ƙofa a buɗe take. Shirin Common Voice da Mozilla ta fara a 2017 yana tattara muryoyin mutane don na'urori su koyi jin magana, kuma akwai Hausa a ciki. Jimla ce za ta fito maka a waya, ka karanta da muryarka, ko ka saurari ta wani ka ce daidai ne ko akwai kuskure. Bakano da Basakkwace da Badamagare kowa da irin lafazinsa, kuma wanda aka ji shi na'ura za ta koya. Mai karatu, in kana da waya da minti biyar, ka je ka ba da muryarka.