Wusasa: Majami'ar da Ke Addu'a da Bakin Bahaushe

Duk wanda ya fita daga Zariya ta yamma ya nufi gindin dutsen Wusasa zai tarar da wani gini na ƙasa mai kaurin bango, wanda baƙo zai iya ɗauka zauren wani basarake ne. Majami'ar Waliyyi Bartholomew ke nan, ta ɗariƙar Angilikan, wadda aka gina da tubali da azara da bakan gizo bisa salon maginan Hausa. A Wusasa ake sujada da Hausa kowace Lahadi, shekaru kusan ɗari ke nan.

Asalin wannan ikilisiya yana komawa ga Dokta Walter Miller, likitan ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya shigo Arewa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, ya kuma zauna cikin birnin Zariya daga 1905. A 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiyan koyarwar Malam Ibrahim da aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19, suka nemo shi. Aka kafa musu zango a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin ganuwa ya koma Wusasa, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya yi wa hidimar shekaru.

Sujadar Angilikan tana tafiya bisa Littafin Addu'a, wanda aka fara tsarawa a Ingila a 1549, aka daidaita shi a 1662. A addu'ar safiya jama'a sukan fara da furta zunubi tare da neman gafara, sannan a rera Zabura, a yi karatu biyu daga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, a furta shaidar bangaskiya, a yi wa shugabanni da marasa lafiya addu'a. A ranakun Jibin Ubangiji kuwa ana durƙusawa a karɓi gurasa da ƙoƙo. Shekara ma tana da nata zango, daga Kirsimeti zuwa azumin kwana arba'in, zuwa Ista, har godiyar kaka, lokacin da manomi kan kawo damin dawa ko buhun masara gaban bagade.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne kalmomin da ake wannan ibada da su. Allah ake kira, addu'a ake yi, ana azumi, ana wa'azi, mai ja gaba limami ne, mabiyan Yesu na farko kuma almajirai ake ce musu. Masu fassara sun ɗebo daga rumbun da malaman zaure suka riga suka cika. Tauhidin ɓangarorin biyu ya bambanta, kuma babu amfanin ɓoye hakan, amma Musulmin da ya halarci jana'izar maƙwabcinsa a Wusasa zai fahimci kusan duk abin da ake roƙo.

Rayuwar ikilisiya ba ta tsaya a ranar Lahadi ba. Zumuntar mata ce ke tsayawa kan suna da biki da zaman makoki, ita ke gaida mara lafiya, ita ke tara gudummawa idan gwauruwa ta rasa kuɗin makarantar marayu. Daga baiko da zakkar masu bi ake riƙe katikis da gyaran gini. Kusa da majami'ar akwai asibitin Waliyyi Luka, inda ake duba Musulmi da Kirista a layi ɗaya, da kwalejin tauhidi ta Waliyyi Francis da ke horar da limamai.

Wannan ƙaramar al'umma ta ba Arewa mutane fiye da girmanta. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, daga nan ya fito, kuma sunansa ne a kan asibitin koyarwa na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a makarantar Wusasa ya yi karatu. Janar Yakubu Gowon a can ya tashi, ɗan mai bishara. Ɗaliban adabi kuwa sun san John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ya fito tare da su Ruwan Bagaja bayan gasar 1933.

Sai dai zaman ya sha jarrabawa. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka bar tabo a zukata. Tun daga nan unguwanni suka riƙa rabuwa bisa addini, har ga shi yau akwai matasan da ke mamakin jin cewa akwai Bahaushe Kirista. Su kuwa Hausawa Kirista sukan koka cewa a gida ana yi musu kallon bare, a Kudu kuma ana yi musu kallon tuhuma saboda harshensu da tufafinsu.

Ɗariƙar ta faɗaɗa, domin a 1990 aka kafa dayosis a Katsina da Sakkwato, kuma mabiyanta a karkara suna shan abin da kowa ke sha. Ɗan bindigar da ya tare hanyar Jibiya ko ta Birnin Gwari ba ya tambayar manomi inda yake ibada kafin ya kore masa shanu.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Hukumar kula da gidajen tarihi da gwamnatin Kaduna su ɗauki ginin Wusasa da muhimmancin da ake ba masallacin Juma'a na Zariya, domin ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina. Sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su nazarci Hausar Littafin Addu'a da ta waƙoƙin sujada, tun dattawan da suka haddace su suna raye. Malamai da limaman coci kuma su dawo da ziyarar juna a lokacin suna da ta'aziyya, tunda Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake.