Yaran Jidda da wasan fili: tsakanin zafin rana da sanyin na'ura

A birnin Jidda na ƙasar Saudiyya, yara ba su cika fita wasa ba sai bayan sallar la'asar, a lokacin bazara kuwa sai rana ta faɗi. Daga nan ne iyalai kan ɗauki tabarmi da butocin shayi su nufi bakin Bahar Maliya, inda za a ga yara suna tonon yashi, wasu suna bin ƙaguwa a tsakanin duwatsu, har tsakar dare. Sauran sa'o'in yini kuwa a cikin ɗaki ake yin su, ƙarƙashin na'urar sanyaya iska, ido a kan wayar salula ko talabijin.

Ba laifin iyaye ba ne kaɗai. A watan Yunin shekarar 2010 an auna zafin da ya kai digiri 52 a Jidda, kuma ko a ranakun da bai kai haka ba, damshin da ke tasowa daga teku yakan sa gumi ya ƙi bushewa a jiki. Hukumomin ƙasar da kansu sun hana sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 3, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. Abin da aka hana wa ƙato mai haƙa rami, ba za a ce yaro ɗan shekara shida ya jure shi ba. Ruwan saman da birnin ke samu a shekara bai kai milimita 100 ba, saboda haka kusan kowace bishiya mai inuwa sai da aka dasa ta aka yi mata ban ruwa.

Sai dai zaman ɗaki yana da tasa illar, kuma likitocin ido ne suka fi kowa nuna ta da alƙaluma. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an gudanar da wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a shekarar 2015, inda aka ƙara wa 'yan ajin farko na wasu makarantun firamare minti 40 a waje a kowace ranar karatu. Bayan shekara uku, kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗannan yara ne suka kamu da larurar rashin hangen nesa, alhali a makarantun da ba a yi musu ƙarin ba adadin ya kusa kashi 40. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne, hasken sarari, wanda ya ninka na fitilar ɗaki sau da yawa ko da a inuwa mutum yake, yana sa ido ya fitar da wani sinadari da ke hana ƙwayarsa yin tsawo fiye da kima. Ita ma Taiwan tun shekarar 2010 ta buƙaci makarantunta su riƙa fitar da yara waje na tsawon sa'o'i biyu a kullum. Muhimmin abu ga mazauna Jidda a nan shi ne, wasan dare a ƙarƙashin fitilun lantarki, duk da cewa yana motsa jiki, ba ya ba ido wannan haske.

Haka batun yake ga ƙashi. Abin mamaki ne a ce ƙasar da rana ta yi mata yawa tana fama da ƙarancin sinadarin bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta, amma binciken likitocin Saudiyya ya sha nuna hakan a tsakanin yara da matasa, musamman 'yan mata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Sai a shekarar 2017 ne gwamnatin Saudiyya ta amince a fara koyar da wasannin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata.

Akwai kuma abin da ƙasa da ciyawa ke yi, wanda lilon ƙarfe da daɓen roba ba sa yi. A ƙasar Finland, a wani nazari da aka wallafa a shekarar 2020, an shimfiɗa ƙasar daji da ciyayi a harabar wasu gidajen renon yara, cikin wata guda kuma aka ga sauyi a ire-iren ƙwayoyin halittar da ke kan fatar yaran da kuma alamun garkuwar jikinsu. Yaran da aka gwada ba su kai ɗari ba, saboda haka bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi yana wasan ƙasa, yana langa, yana hawan bishiyar mangwaro ko tsamiya, ya san a nan ne yaro ke koyon auna tsayin reshe kafin ya yi tsalle, da sasanta rigima ba tare da babba ya sa baki ba.

Wannan ya kawo mu ga al'ummar Hausawa, waɗanda kakanninsu da dama suka zo aikin hajji suka zauna, ake kuma kiransu Takari. Shekaru da yawa sun zauna a unguwannin kudancin birnin irin su Karantina da Sabil da Gulail da Hindawiyya. Unguwanni ne masu cunkoso da ƙarancin magudanan ruwa, babu mai musun haka, amma lungunansu sun yi wa manyan motoci ƙunci, ginin da ke gefe da gefe yana ba da inuwa, kuma kowace uwa ta san ɗan maƙwabciyarta. Lungun shi ne dandalinsu. Daga ƙarshen shekarar 2021 zuwa 2022 hukumomi suka rushe unguwanni fiye da 60, suna masu cewa sun zama matattarar miyagun ƙwayoyi da aikata laifuka. Ƙungiyar Amnesty International ta ce lamarin ya shafi mutane fiye da rabin miliyan, ta kuma yi suka a kan cewa ba a sa baƙi a cikin tsarin biyan diyya ba. Iyalan da suka watse sun koma gidajen haya na bene a wasu unguwanni, inda ƙofar gida ke buɗewa kai tsaye a kan titin mota. Ga iyalin da takardar zamansa ba ta cika ba, sakin yaro ya fita shi kaɗai abu ne da ake tunani sau biyu a kansa.

Gaskiya ne gwamnati ta kashe kuɗi a kan wuraren shaƙatawa. A ƙarshen shekarar 2017 aka buɗe sabon ɓangaren bakin teku a arewacin birnin, mai tsawon fiye da kilomita huɗu, da filayen wasan yara da wuraren ninkaya da hanyoyin tafiya a ƙasa, shiga kuma kyauta ne. A shekarar 2021 aka ƙaddamar da shirin dasa itatuwa biliyan 10 a faɗin ƙasar. To amma Jidda birni ne mai mutane fiye da miliyan uku da rabi, wanda ya miƙe dogo a gefen teku, kuma an tsara shi ne domin mai mota. Lambun da sai uba ya taso daga aiki ya tuƙa rabin sa'a kafin a isa gare shi, na ranar Juma'a da Asabar ne. Abin da yaro ke buƙata shi ne ɗan fili mai inuwa da ƙasa wanda zai taka da ƙafarsa ya je a kullum.

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar Jidda takan yi sauƙi, kuma a waɗannan watanni ne ake iya fitar da yara da hantsi ko da la'asar sakaliya ba tare da fargabar zafi ba. A tsakiyar bazara kuwa masu hali kan hau da iyalansu tsaunukan Ɗa'ifa, tafiyar kimanin sa'o'i biyu a mota, inda ake samun gonakin fure da na rumman. Waɗanda ba su da halin haka, abin da ya rage musu shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin fitowar rana da ƙarfe takwas na safe, wanda a ranakun karatu a cikin motar makaranta yake ƙarewa.